Mazarin Larai a Hannun Ilu

A wani ɗan ƙauye na ƙasar Makera, kusa da Dutsin-Ma, an yi wani manomi ana ce masa Ilu. Ba attajiri ba ne, ba malami ba ne, ko sarautar samari bai taɓa riƙewa ba. Gonar gero da dawa, ɗan gefen auduga, da jaki guda, iyakar abin da ya mallaka ke nan. Abu ɗaya ne Allah ya ba shi har ya yi masa yawa, shi ne tunani.

Tun yana saurayi aka san shi da saƙa da warwara. In hadari ya haɗo, kowa hamdala yake yi, shi kuwa Ilu kafin ɗigon farko ya sauka ya riga ya hango ruwa ya yi yawa, gero ya ruɓe, rumbu ya zama fanko, ya tafi ci-rani, ciwo ya kama shi a hanyar Gusau, har ya fara jin haushin wanda zai gaji jakin. Abokansa na yi masa dariya, shi ma yakan taya su, amma shi kaɗai ya san gajiyar da ke cikin abin.

Da ya tashi aure sai Allah ya haɗa shi da Larai, 'yar Kurfi, marainiya wadda ƙanwar ubanta ta riƙe. Wannan ƙanwar uba kowa Gogo yake ce mata, kuma duk Kurfi an san hannunta a kaɗi. Ita ta koya wa Larai. Larai ba mai yawan magana ba ce. In ta gama aikin gida sai ta baje tabarma, ta jawo taskira, ta murza mazari a ciki, tana jan zare tana naɗewa. In ta ɗaga ido ta ga maigidan ya yi zuru yana motsa leɓe, sai ta ce, "Malam, sauko haka nan, tuwo na hucewa." Sai ya sauko. Haihuwa uku suka yi, babu wanda ya kai yaye. Shekara goma sha tara suna zaune su biyu, kuma bai taɓa jin gidan ya yi masa faɗi ba.

A bazarar 1956 sanƙarau ya shigo ƙasar. Wata safiya Larai ta ce kanta na sara, wuyanta kuma ya ƙage. Ranar kasuwar Dutsin-Ma ce, Ilu na so ya sayo ruwan garma kafin shuka. Ya ce ta sha jiƙo ta kwanta, ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi. Da ya dawo da la'asar ba ta gane shi ba. A kwana na uku aka kai ta makwancinta.

Daga nan tunanin Ilu ya tsinke igiya. Da ban je kasuwa ba. Da na ɗora ta a jakin na kai ta wurin malamin asibiti. Da na kira maƙwabta. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mutane suka gaya masa da-na-sani ƙeya ce, suka gaya masa kwana ne ya ƙare, ya ce ya sani, kuma da gaske ya sani, amma sanin bai tsayar da komai ba. Barci ya ƙaurace masa. Ya shuka wake sau biyu a kunya ɗaya. Ya tafi kasuwa da jaki ya dawo a ƙasa, sai da wani ya biyo shi da dabbar. In ya ta da salla ba ya sanin raka'a ta nawa yake. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne ya fara magana a fili a kan hanya, yana ba da amsar tambayar da babu wanda ya yi masa.

An yi masa rubutu ya sha, an yi masa turare. Ya gwada noma tun asuba har rana ta take, amma fartanya ba ta neman hankalin wanda ya girma da ita, hannu na sara zuciya na can kasuwar Dutsin-Ma. Carbi ma haka, yatsu na ja, shi yana wani wuri.

Wansa Atiku, wanda shi ne babba a zuriyar, mutum ne mai son abu ya tafi daidai, kuma yana son ƙaninsa, kada a ɗauki alhakinsa. Bayan an gama girbi ya zaunar da Ilu ya gaya masa cewa in sanyi ya wuce bai ga sauƙi ba, zai kai shi wurin wani malami can gaba da Kurfi, mai maganin masu taɓin hankali. Ilu ya san wurin. Mari ake sa wa mutum a ƙafa, a turara shi da hayaƙi, in aljanin ya yi gardama a haɗa masa da tsumagiya. Ya taɓa ganin wani da aka dawo da shi daga can, yana zaune a inuwa ƙuda na bin bakinsa bai kore ba. Ilu ya ji tsoron wurin nan fiye da yadda yake tsoron kabari, tsoron kuma ya zama sabon abin saƙawa.

Wata rana da hantsi, cikin sanyi, yana neman basilla zai ɗinke buhu, sai dole ta sa ya ɗaga asabarin ɗakin Larai. Rabonsa da shiga tun ranar da aka fitar da ita. Komai na nan yadda ta bar shi. A gindin gado ga taskira, ga mazari da zare ya kai rabi, ga audugar da ta gurje ta shiɓe, har bakin zaren na manne da ita, kamar mai shi ta tashi ne ta duba tukunya.

Ya durƙusa ya ɗauka don ya kawar kawai. Yatsunsa suka murza mazarin ba da niyya ba, zaren ya ɗan miƙe, ya tsinke. Abin ya ba shi haushi. Shekara goma sha tara yana kallon aikin nan ta wutsiyar ido yana ɗaukarsa wasan mata, ga shi ya ɓata abin da ta bari. Ya ce bari ya haɗa ya ajiye. Ya haɗa, ya murza, ya tsinke. Ya tuna takan shafa alli a yatsu, ya lalubo allin ya shafa. Ya ɗaga audugar da hannun hagu yadda takan yi, ya murza da dama, ya ja a hankali. Wannan karon zaren ya kai kamu ɗaya kafin ya yi ƙulli. Ya gyara zama.

Kiran sallar azahar ne ya ɗago kansa. Ya dubi inuwar ƙofa ya ga ta koma wani gefe. Sai ya lura da wani abu: tun hantsi zuciyarsa ba ta je kasuwar Dutsin-Ma ba ko sau ɗaya. Ya yi alwala ya yi salla raka'a huɗu, ya san huɗu ce. Da ya sallame ya yi kukan da bai samu yi ba ranar jana'iza.

Kashegari ya koma, ya kuma sake komawa. Abin da ya gane shi ne kaɗi ba ya yarda a yi masa ha'inci. In zuciyarsa ta zame ta nufi ranar nan, yatsunsa kan ƙanƙame, zare ya tsinke. In ta tafi wurin mari da hayaƙi, hannun hagu kan saki, zare ya fito da gudaji. Ba ya iya tafiya nesa ba a kamo shi ba. Da farko yakan yi wa kansa faɗa, daga baya ya daina. In ya tsinke sai ya dangwali alli, ya haɗa baki da baki, ya murza, ya ci gaba. Ya koyi jin nauyin mazari a ɗan yatsa, da ɗan gurnanin da yake yi a cikin taskira, da yadda auduga ke sakin kanta in ba a tilasta mata ba. Numfashinsa ya riƙa bin hannunsa, ja ɗaya shaƙa ɗaya. Tunanin bai mutu ba, yana zuwa, amma ya zama baƙon da ke sallama ya wuce. Barci ya fara dawowa. Da audugar Larai ta ƙare ya ɗebo tasa ta gona, ya koya wa kansa gurza da shiɓa da kayanta.

Duk wannan sai ya tura ƙyauren gida ya kare da itace. Dalili kuwa a fili yake. Namiji da gemunsa ya miƙe ƙafa a tabarma yana kaɗi, a ƙasar nan, a zamanin nan? In ba a ce ya haukace ba za a ce ya zama ɗan daudu, yara su sa shi a waƙa, a daina ba shi hannu a masallaci.

To, amma dangar kara ba ta riƙe sirri. Matar maƙwabcinsa, Aishatu, ta zo tsintar ƙirare a gindin dangar da rana tsaka, sai ta ji wani sauti da babu macen da za ta ɓata shi. Mazari ne ke juyawa a taskira, kuma daga ɗakin Larai, a gidan da babu mace. Ta watsar da ƙiraren ta yi gida a guje. Magana zarar bunu ce. Kafin kwana biyu rabin ƙauyen na cewa fatalwar Larai ce ta dawo ƙarasa kaɗinta, rabin kuma na cewa aljana ce ta aure Ilu, shi ya sa yake kulle ƙofa da rana. Babu ko mutum ɗaya da ya kawo a ransa cewa Ilu ne da kansa.

Atiku ya zo ya tambaye shi ko mene ne ke ƙara a ɗakin. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ji komai ba. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi shiru aljana ta tabbata, in ya faɗi gaskiya hauka ya tabbata, kuma duk hanyoyin biyu wurin mari suke ɓullewa. Atiku ya yanke magana. Zai aika Kurfi a zo a kwashe kayan marigayiya, tunda su ne abin ya maƙale wa, kashegari kuma shi da Ilu su kama hanyar wurin malamin.

Gogo ta iso da la'asar a kan jakin wani ɗan garinsu, tsohuwa 'yar firit, mai kaifin ido da kaifin baki. Ta ce babu mai bin ta ɗakin, ita fatalwar 'yar da ta goya ba ta ba ta tsoro. Ilu ya tsaya a tsakar gida kamar wanda ake jiran a yanke wa hukunci. Ya ɓoye zaren a cikin wata tsohuwar randa ya rufe da faifai, amma ya san ɓuya ce ta banza.

Ta daɗe a ciki. Can sai ta yi gyaran murya ta ce ya matso. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa daga waje, kansa a ƙasa, don suruka ce, tun aurensa bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ta wutsiyar ido ya ga ta jera curin zaren a tabarma, kuma ta jera su daidai yadda aka kaɗa su, na farko har na jiya, ba tare da an gaya mata ba.

Ta ɗaga na farko ta ce rabin nan na ciki hannun Larai ne, ita ta koya mata, ko a duhu ta san shi. Rabin na waje kuwa ko igiyar ɗaure akuya ya yi wa muni. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan zaren tsakanin yatsu, ƙulli na raguwa, gudaji na ɓacewa, har ta zo na ƙarshe. Wannan ta ja shi ta ja, ta kai shi wajen haske.

"Miƙo hannunka na dama," in ji ta.

Ya miƙa ta gefen asabari. Alli ya shiga tsagar babban yatsa da manuni, wanki ba ya fitar da shi.

"Mi ya kai ka?"

"Inna, in ina yi sai kaina ya yi shiru," ya ce. "Ban samu wani abin da ke sa shi shiru ba."

Tsohuwa ta ajiye zaren. Ta ce ita ma da mijinta ya rasu, ba don mazari ba da ba ta san yadda za ta ƙare wata huɗu da kwana goma ba. Daga nan ta tashi ta tattara ƙore da tasoshi da tufafin Larai ta ɗaure. Mazari da taskira da kayan shiɓa ta tura su ƙarƙashin gado da ƙafa, tana faɗa da ƙarfi don na waje su ji cewa waɗannan sun tsufa, ba mai so. Ta rage murya ta ce ya riƙa shimfiɗa tsumma a cikin taskirar, ƙarar za ta mutu. Ta miƙa sandarta ta ɓanɓaro wani gidan zanzaro daga jikin randa, irin wanda ba a rasa shi a kowane ɗakin da aka daɗe ba a share ba.

Atiku da dattawa biyu na zaure. Gogo ta tsaya daga bayan bango ta miƙa gidan zanzaron ta ce ga aljanar tasu, ta yi gini a cikin randa tana kuka, su kuma manyan maza sun tashi ƙauye tsaye. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya a hanci. Atiku bai yi ba. Ya ce ko an bar zancen ƙara, ai ciwon ƙaninsa ba ɓoyayye ba ne, ga kulle ƙofa, ga rashin shiga mutane.

"Ni na san mahaukaci, na kuma san mai takaba," in ji Gogo. "Ku maza ba a aza maku takaba ba, shi ya sa in ta kama ɗayanku sai ku ce hauka ce. Ku bar shi ya gama takabarshi. In damana ta faɗi ya shuka wake sau biyu, ku zo Kurfi ku ɗaure mu tare."

Atiku ya tambayi dattawan ko wani ya ga Ilu yana magana a hanya cikin watan nan. Suka duba suka ce a'a. Ɗayansu, wanda shi ne liman, ya ƙara da cewa ya daɗe bai ga ya rikice a sahu ba. Aka bar maganar zuwa damina. Damina ta zo, Ilu ya shuka wake sau ɗaya, ba a sake ta da zancen ba.

Haka rayuwarsa ta miƙe. Da safe gona ko wani aikin maza, tsakanin azahar da la'asar ƙofa a kare. Duk bayan wata biyu yakan ɗora wa jaki busasshiyar kuka da kuɓewa ya tafi Kurfi gaishe da suruka, mutane na yaba masa zumunci, zaren kuwa na ƙarƙashin kukar. Gogo ta karɓa ta bayar ga masaƙa da sunanta. Takan sallame shi da daddawa, wata shekara da gwado. Ba su taɓa zancen ba bayan ranar nan, iyakarta in ta ja zaren ta ce, "Wanga ya yi," ko kuwa, "Mi ya dame ka a watan nan?"

An yi masa tayin zawarawa ba ɗaya ba ba biyu ba, yana kawo uzuri har aka gaji. Ya san duk macen da ta shigo gidan kwana uku ya ishe ta ta gano shi, kuma bai yarda zai sake samun mai rufa masa asiri irin Gogo ba. Wataƙila ya yi kuskure, wataƙila da an samu wadda za ta yi dariya ta jawo tata taskirar su zauna tare. Bai gwada ba. Hankalinsa ya kwanta, amma kaɗaici ya zauna masa daram, abincinsa daga gidan Atiku ake kawowa, yana ci shi kaɗai. Aka yi murnar samun mulkin kai, zaren kanti ya cika kasuwa, 'yan mata suka fara raina mazari, shi yana nan yana kaɗinsa.

A ranin 1966 ya isa Kurfi da hantsi da kayansa kamar kullum, sai ya hango tabarmi a ƙofar gidan Gogo, maza na zaune. Ashe Gogo ta rasu, ranar sadakar uku ce. Babu wanda ya aika masa, don wa zai tuna da mijin 'yar riƙon da ta rasu shekara goma? Ya ɗaure jaki a gindin wata bedi, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa, ya samu gefen tabarma ya zauna.

Kusa da shi akwai wani tsohon masaƙi, Mahmuda, wanda shi ke ɗaukar yawancin zaren. Da ya ji ko wane ne Ilu sai ya juyo ya fara ba shi labarin marigayiya. Ya ce shekara arba'in yana saƙa, bai ga abin mamaki irin nata ba. Kowace tsohuwa in ido ya raunana zarenta lalacewa yake yi, ita kuwa a shekarun nan goma na ƙarshe nata ƙara kyau ya riƙa yi, har ya kai yana ware shi don zane na musamman.

"In ina saƙa da shi ni ma sai in ji raina ya kwanta," in ji Mahmuda. "Mai hannun nan ba ta da hayaniya a zuci. Kullum ina cewa zan gaya mata, kunya ta hana ni, ga shi ta tahi."

Ilu ya tura hannunsa na dama cikin hannun riga.

Masaƙin ya tambaye shi, tunda shi na gida ne, ko ya san ta bar wani saura, ko curi ɗaya ne, yana so ya ajiye. Jakin na tsaye taku goma daga inda suke, curi tara a ƙarƙashin kuka. Ilu ya dubi jakin, ya dubi mazan da ke zaune a tabarmi, masu rawani da masu hula, kowa na sauraro. Bakinsa ya buɗe.

"Ban sani ba, Malam," ya ce. "Allah ya jiƙanta."

Aka ce amin. Ya aika da kuka da kuɓewar cikin gida, ya ɗaure bakin buhun da sauran abin da ke ciki, ya kama hanyar Makera. Bai hau jakin ba, a ƙasa ya bi shi. Da ya isa ya zuba curin tara a randa ya rufe da faifai. Washegari bayan azahar ya kare ƙofa, ya shimfiɗa tsumma a taskira, ya dangwali alli. Zaren ya tsinke masa sau uku a jere, abin da ya shekara bai gani ba. Ya haɗa ya ci gaba, ko da yake yanzu babu sauran wanda zai kai wa.